Guan Yu a hanyar Huarong: halacci ya yi ko cin amana?

Auwalu Ɗankwari: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo, kowa ya gyara zama.

Shekara shida ke nan ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin yadi. A shagon mutumin da nake saye a wurinsa, can lungu sama da inda yake ajiye littafin bashi, akwai ɗan katako da jar fitila. A kai an girke mutum-mutumin wani jibgegen mutum, fuska ja wur, gemu har ƙirji, riƙe da makami kamar an ɗaura ƙatuwar adda a kan gora. Kullum da lemo uku a gabansa da turaren tsinke. Ni wallahi na ɗauka kakansa ne. Ranar da na sa tafinta ya tambaye shi, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Guan Gong ne, mutumin da ba ya saɓa alkawari. Na ce to madalla, domin a shagon nan aka taɓa cika min dila da yadin da awonsa bai kai ba.

Daga nan na shiga bibiyar labarinsa. Sunansa na yanka Guan Yu, yana cikin littafin Sanguo Yanyi, labarin dauloli uku. Na kai wurin da ya tare Cao Cao a hanyar Huarong bayan an ƙone masa jirage a yaƙin Chibi. Maƙiyin Liu Bei ne fa, ubangidansa kuma yayansa na rantsuwa, ga shi a hannu, a gajiye, dawakai sun jigata, kuma Guan Yu ya sa hannu a takarda cewa in ya bar shi ya wuce a sare masa kai. Amma ya kauce ya ba shi hanya. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan. Mutumin da ake kira uban cika alkawari, a ranar da alkawarin ya fi tsada ya karya shi. Halacci ne wannan ko cin amana?

Kawu Iro: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ba sai an yi dogon turanci ba. Shekara 28 na yi da kaki a jikina. Kwamandan da aka ba shi mashiga ya tsare, ya ga shugaban abokan gaba da idonsa ya buɗe masa hanya, sunansa maci amana, ko gemunsa ya kai gwiwa. Kotun soja kawai.

Maman Ilham: Kawu, a yi haƙuri a bari mu shimfiɗa tabarmar tukuna, akwai waɗanda ba su san mafarin ba.

Shekara takwas kafin Huarong, wato a shekara ta 200 Miladiyya, Cao Cao ya tarwatsa rundunar Liu Bei, ya ritsa Guan Yu a Xiapi tare da matan Liu Bei biyu. Guan Yu bai miƙa wuya haka kawai ba, sharuɗɗa uku ya gindaya: ga sarkin Han zai sallama ba ga Cao Cao ba, a mutunta matan yayansa, kuma duk ranar da ya ji inda Liu Bei yake zai tafi. Cao Cao ya yarda. Sannan ya shiga yi masa hidimar da za ta karya wuyan kowane ɗan halak. Liyafa kan liyafa, zinariya, sarauta. Ya ga rigarsa ta tsufa ya ɗinka masa sabuwa, Guan Yu ya sa ta daga ciki ya ɗora tsohuwar a sama, wai yayansa ne ya ba shi. Ya ba shi dokin Lü Bu, jan dokin nan da ba a kamo shi a guje, sai ga Guan Yu yana godiya har ƙasa. Cao Cao ya ce na ba ka dukiya ba ka taɓa rusuna min ba, sai a kan dabba? Ya ce ai da dokin nan ranar da na ji labarin yayana a yini ɗaya zan iske shi. Ku duba fa, a gaban idonsa yake faɗa masa zai gudu, amma mutumin bai taɓa shi ba. Da ya tashi tafiya ya kashe masa hafsoshi shida a mashigai biyar, duk da haka Cao Cao ya hana a bi shi.

To wannan mutumin ne ya tsaya gabanka cikin taɓo yana roƙon ransa. Kawu, kai za ka iya ɗaga makami?

Kawu Iro: 'Yata, zan ɗaga ina hawaye, amma zan ɗaga. Kuma bashin da kike magana ai ya riga ya biya. Ba shi ya kashe wa Cao Cao kwamandan abokan gabansa, Yan Liang, a Boma ba? An yi lissafi an rufe littafi.

Maman Ilham: Shi ma abin da ya fara cewa ke nan, cewa Yan Liang da Wen Chou sun biya bashin. Sai Cao Cao ya ce to hafsoshina shida fa, ka tuna? Nan ya yi shiru. Kashe Yan Liang ya biya tuwo da riguna. Ransa da aka bar masa ya fita da shi bai biya ba.

Kuma abin da ya fi taɓa ni ba Cao Cao ba ne. Bayan ya juya dokinsa ya ce wa mutanensa su buɗe, Cao Cao ya wuce a guje, sai Guan Yu ya daka tsawa kamar zai canza shawara. Ragowar sojojin suka diro daga dawakai suka zube suna kuka. Mutanen da suka kwana suna gudun wuta, ruwan sama ya yi musu duka, ba ci ba sha. Sai ga Zhang Liao, tsohon amininsa wanda ya shiga tsakani a Xiapi. Ya yi ajiyar zuciya ya sake su duka. Ni ban ga maci amana a nan ba, mutum na gani wanda hannunsa ba ya iya sauka a kan wanda ya riga ya faɗi.

Nura Mai Waya: Ni dai tambayata, me ya sa sunan mutum zai zama Cao Cao? Kamar ana kiran akuya.

Bashir Ɗalibi: Nura, ba "cau cau" ake faɗa ba. Harafin c a rubutunsu ya fi kusa da ts ɗinmu, kusan "Tsau Tsau". Na sha kunya a kan wannan a shekarata ta farko a Wuhan, malamarmu sai da ta sa na maimaita sau biyar a gaban aji.

Malam Sani: Salamu alaikum. Na shigo a makare, na karanta daga sama. Kada in ɓata muku daɗin gardama, amma abin da kuke faɗa a kai bai faru ba.

Littattafai biyu ne. Akwai na tarihi, Sanguozhi, wanda Chen Shou ya rubuta a ƙarni na 3, kusa da zamanin abin. Akwai kuma Sanguo Yanyi da ake jingina wa Luo Guanzhong a ƙarni na 14, wato fiye da shekara 1,000 bayan mutanen sun zama ƙasa. Bugun da ya fi yaɗuwa babi 120 ne. Wani malaminsu na zamanin Qing ya ce littafin kashi bakwai gaskiya ne, uku ƙirƙira, kuma Huarong na cikin ukun. Cao Cao ya bi ta Huarong a 208, wannan haka ne. Hanyar ta cika da taɓo, ya sa raunanan sojoji suka ɗebo ciyawa suna cikewa, dawakai suka bi ta kansu, da yawa suka mutu a nan. Amma babu Guan Yu a wurin.

Rantsuwar 'yan'uwantaka ma da suka yi a lambu su uku, Liu Bei da Guan Yu da Zhang Fei, cewa ba rana ɗaya aka haife su ba amma suna fatan mutuwa rana ɗaya, ba ta cikin Chen Shou. Abin da ya ce shi ne sun zauna kamar 'yan'uwa, har gado ɗaya suke kwana. Hua Xiong da aka ce Guan Yu ya sare ya dawo giyarsa ba ta huce ba, rundunar Sun Jian ce ta kashe shi. Mashigai biyar da hafsoshi shida, babu. Makamin nan da Auwalu ya gani, wanda littafin ya ce nauyinsa jin 82 a ma'aunin Sinawa, irinsa bai bayyana ba sai ƙarnoni bayan mutuwarsa.

Abin da ya tabbata shi ne an kama shi a 200, Cao Cao ya girmama shi, ya kutsa cikin dubban mutane ya kashe Yan Liang, aka ba shi sarauta, ya rufe duk kyaututtukan ya bar wasiƙa ya koma wurin Liu Bei. Mutanen Cao Cao suka so bin sa, ya ce kowa ubangidansa yake yi wa aiki, ku ƙyale shi.

Auwalu Ɗankwari: Kai Malam! Wato duk baƙin cikin da na kwana da shi a kan ƙarya ne?

Malam Sani: Ba ƙarya ba, hikima. Ka duba halin da marubucin ya shiga. Tarihi ya ce Cao Cao ya rayu har 220, ba dama ya kashe shi a 208. Kuma yana bayan Liu Bei ne, yana son ya nuna Zhuge Liang, mashawarcin Liu Bei da ya tura Guan Yu Huarong, ya san komai kafin ya faru. To yaya mai wannan basira zai bar babban kifi ya suɓuce? Sai ya ɗora nauyin a wuyan Guan Yu, ya mayar da gibin tarihi ya zama wurin da ya fi kowane daɗi a littafin. Har ya sa Zhuge Liang ya raɗa wa Liu Bei cewa ya duba taurari, kwanan Cao Cao bai ƙare ba, gara a bar Guan Yu ya sauke bashinsa.

Kawu Iro: To ka ga wannan ya fi muni. Babban hafsa ya san yaronsa ba zai iya aikin ba, ya tura shi, kuma ya sa shi sa hannu a kan kansa. Da Zhao Yun ko Zhang Fei aka ajiye a mashigar ƙarshe da an gama. Taurari! Mu a bariki wanda ya kawo maganar taurari a teburin tsara yaƙi sai ya share fili da tsintsiyar hannu.

Zulai Gwammaja: Ni ina ganin ba taurari ba ne, siyasa ce aka sa mata rigar taurari. A 208 Liu Bei ba shi da ƙasar kirki, a inuwar abokin ƙawancensa Sun Quan, mai mulkin kudu maso gabas, yake fakewa. Abin da ya haɗa su tsoron Cao Cao ne kawai. Cire Cao Cao yau, gobe Sun Quan ya juyo ya haɗiye Liu Bei ko ruwa ba zai nema ba. Kuma in mutumin Liu Bei ne ya kashe shi, duk arewa a kansu za ta huce. Wannan fahimtata ce, littafin bai faɗa ba.

Amma ni ba Huarong ce ke ba ni haushi da mutumin nan ba. Maganar 'yarsa ce. Sun Quan ya aiko neman aurenta wa ɗansa, auren da zai ɗaure ƙawancen gida biyu. Ba ka so, ka ce yarinya ta yi ƙanƙanta, ka ce sai ka shawarci yayanka, hanyoyin ƙin bayar da aure ai sun fi ɗari. A'a, sai ya ce 'yar damisa ba ta auren ɗan kare. Maƙwabcinka da ke riƙe da kogin da ke bayan gidanka! Kuma Zhuge Liang kafin ya bar masa riƙon yankin Jingzhou sai da ya ja kunnensa: ka tare Cao Cao ta arewa, ka zauna lafiya da Sun Quan ta gabas. Ya ce ya ji. Ina jin?

Malam Sani: Zulai, a nan tarihi na bayanki. Kalmar damisa da kare ta mai littafi ce, amma cewa ya zagi ɗan aiken ya ƙi auren, Chen Shou ya rubuta. Kuma ba shi ke nan ba. Da Ma Chao ya shigo ɓangarensu, Guan Yu ya rubuta wa Zhuge Liang yana tambaya da wa za a kwatanta shi. Zhuge Liang ya san mutuminsa, ya amsa cewa Ma Chao jarumi ne, sa'an Zhang Fei, amma bai kai mai gemu ba. Guan Yu ya riƙa nuna wa baƙinsa wasiƙar. A 219 da aka ba shi babban muƙami aka ba Huang Zhong makamancinsa, ya ce shi ba zai jeru da tsohon soja ba, sai da Fei Shi ya lallashe shi ya karɓa. Chen Shou ya taƙaita su biyun da kyau: Guan Yu na kyautata wa ƙananan sojoji amma yana raina manya, Zhang Fei na girmama manya amma ba ya tausayin na ƙasa. Kowannensu ta ƙofar da ya bari a buɗe aka shigo masa.

Maman Ilham: Amma Huang Zhong ɗin nan, a littafin, ba shi ne dokinsa ya faɗi da shi a Changsha Guan Yu ya ƙi sara ya ce je ka sauya doki ba? Washegari tsohon ya rama, ya harbi tuntun hularsa kawai alhali zai iya huda masa ido. Kun ga halinsa ɗaya ne ko'ina.

Zulai Gwammaja: Yaya, ai nan nake so ki zo. Halin ɗaya ne, amma sunansa za mu gyara. Me ya sa ba ya saran wanda ya faɗi? Don kada a ce Guan Yu ya kashe na ƙasa. Me ya sa ya saki Cao Cao? Don kada a ce Guan Yu ya yi butulci. Kullum sunansa yake tsarewa. In ka durƙusa masa ya yi maka alheri, in ka miƙe ka ce ku daidai ne ya taka ka. Mashawarcin Cao Cao ma da wannan ya ba shi shawara a Huarong, ya ce mutumin nan yana yi wa na sama girman kai amma yana tausaya wa na ƙasa, je ka roƙe shi da kanka. Wato ba zuciyarsa suka taɓa ba, makullinsa suka sani.

Maman Ilham: Haba Zulai. In haka ne duk mai kunya a duniya mai girman kai ne. Wa bai damu da abin da za a ce a kansa ba? Kakata cewa take wanda ba ya gudun abin faɗa shi ake gudu. Daren da Cao Cao ya haɗa shi ɗaki ɗaya da matan yayansa don ya gwada shi, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kyandir har gari ya waye, wannan ma girman kai ne?

Zulai Gwammaja: Kyandir ai don a gan shi ne.

Nura Mai Waya: Zulai ba ki da dama wallahi.

Ustaz Habibu: 'Yan'uwa, tunatarwa kawai. Mutumin nan bauta masa ake yi a can, ana ƙona masa turare. A yi hattara da yawan yabo.

Auwalu Ɗankwari: Allah ya saka, Ustaz. Labari muke tattaunawa, ba wanda ya sayi turare. Ai ka ga ma rabin zauren so suke a kai shi kotun soja.

Kawu Iro: Bari in yi maganar da na sani, maganar faɗuwarsa, domin a nan ne soja zai koyi abu.

A 219 ya hau arewa ya kewaye Fancheng, garin da ke hannun Cao Cao. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Han ya yi ambaliya ya cinye rundunoni bakwai na Yu Jin, kwamandan Cao Cao. Yu Jin ya miƙa wuya, Pang De ya ƙi aka sare shi. Sunan Guan Yu ya girgiza ƙasa har Cao Cao ya fara tunanin ɗauke babban birni. To a daidai nan Guan Yu ya haƙa kabarinsa, bai sani ba.

Lü Meng, kwamandan Sun Quan da ke iyaka da shi, ya ce ba shi da lafiya ya koma gida. Aka kawo wani matashi da ba a san shi ba, Lu Xun. Yaron ya rubuto masa wasiƙa, yabo da ƙanƙan da kai, ni ɗalibi ne, a riƙa yi min gyara. Gogan naku ya ji daɗi, ya kwashe sojojin da ke gadin bayansa ya kai su Fancheng. Ɗan hakin da ka raina. Lü Meng ya miƙe garau, ya ɓoye sojoji a cikin jirage, masu tuƙi suka yi shigar fatake, suka kame masu gadin bakin kogi kafin a kunna wutar gargaɗi ko ɗaya.

Garuruwa biyu da suka riƙe bayansa, Jiangling da Gong'an, wa ya bar wa? Mi Fang da Shi Ren, mutanen da ya daɗe yana wulaƙantawa, kuma ya aika musu cewa in ya dawo zai hukunta su kan jinkirin kayan yaƙi. Ka yi wa mai riƙe da makullin gidanka alkawarin bulala sannan ka ba shi baya? Suka buɗe ƙofa. Mi Fang fa surukin Liu Bei ne, ɗan'uwan matarsa.

Abin da Lü Meng ya yi bayan ya shiga shi ne aikin gwani. Bai taɓa iyalan sojojin Guan Yu ba. Magani ga marar lafiya, sutura ga mai jin sanyi. Wani sojansa, ɗan garinsu ma, ya ɗauki malfar wani talaka ya rufe sulke saboda ruwa, ya sa aka sare shi yana hawaye. 'Yan aiken Guan Yu suka zo suka zaga gari, suka koma da saƙon cewa kowa lafiya, har an fi jin daɗi. Sojan da ya ji matarsa da 'ya'yansa na cin tuwo lafiya a hannun abokin gaba, da wa zai yi faɗa? Rundunar ta narke ba a harba kibiya ba. Ya faɗa Maicheng da 'yan tsiraru, ya fita da dare, aka kama shi da ɗansa Guan Ping a Linju aka sare su.

Bashir Ɗalibi: Kawu, kamar kana wurin. Har yau Sinawa in mutum ya yi sakaci ya yi asarar babban abu sai su ce ya rasa Jingzhou, in kuma gwani ya zo ƙarshen sa'arsa su ce ya kama hanyar Maicheng. Wato su ma ba su rufe ido a kan laifinsa ba.

Na je Guanlin a Luoyang lokacin hutu, inda aka ce kansa yake. Sun Quan ne ya aika wa Cao Cao kan, Cao Cao kuma ya binne shi da girmamawa irin ta manyan masu sarauta. Gangar jikin tana Dangyang a lardin Hubei, babban haikalinsa kuma yana mahaifarsa, yankin Yuncheng a Shanxi. Shi ya sa suke cewa kai a Luoyang, jiki a Dangyang, kurwa ta koma gida. Abin da ya ba ni mamaki a Guanlin shi ne shiru. Tsofaffin itatuwa, ƙaton tudun ƙasa an kewaye shi da gini, wata tsohuwa na share ganye. Na yi tsammanin wurin mayaƙi zai fi haka hayaniya.

A Hong Kong kuma an daɗe ana ajiye shi a ofisoshin 'yan sanda, su ma 'yan ƙungiyoyin daba na ɓoye a gabansa suke rantsuwa. Mai kamu da wanda ake kamawa, uban gida ɗaya.

Maman Ilham: Kun gani ko? Wanda ya saki ne ya binne shi da mutunci. Abokin ƙawancen ne ya sare shi.

Malam Sani: Maman Ilham, a littafin ma an nuna akwai lissafi a ciki. Sun Quan ya aika kan ne don fushin Liu Bei ya koma arewa, mashawarcin Cao Cao ya ganar da shi, ya sa aka sassaƙa masa jiki na itace aka yi babbar jana'iza don fushin ya koma inda ya fito. Kuma ya koma. Zhang Fei yaransa suka kashe shi a 221 ana shirin ɗaukar fansa. Liu Bei ya tafi da kansa, Lu Xun ɗin nan dai ya ƙone masa sansanoni a Yiling a 222, ya rasu a Baidicheng a 223.

Amma akwai wurin da nake so Auwalu ya kai, yana can gaba da inda yake. Bayan an sare shi, fatalwarsa ta riƙa yawo a dutsen Yuquan tana ihu a dawo min da kaina. Wani tsohon mai zaman zuhudu na addinin Buddha, Pujing, ya fito ya ce masa: kai kana neman kanka a wurin Lü Meng, to Yan Liang da Wen Chou da hafsoshin nan shida, su a wurin wa za su nemi nasu? Fatalwar ta yi shiru ta rusuna. Marubucin da ya shafe babi fiye da 70 yana gina mutumin nan, shi da kansa ya kawo wanda zai yi masa wannan tambayar.

Kawu Iro: Tsohon ya yi tambaya mai kyau, amma ya manta mutum ɗari biyar ɗin da suka tsaya tare da shi a Huarong cikin sanyi. Su ba su ci tuwon Cao Cao ba, ba a ba su doki ba. Wasunsu ƙila a Fancheng suka mutu suna yaƙar mutumin da aka ce su buɗe wa hanya. Bashin mutum ɗaya aka biya da jinin wasu. Ni a nan na tsaya.

Zulai Gwammaja: Kawu, wannan ko Yaya ba ta da amsarsa.

Maman Ilham: Ba ni da ita. Amma in aka ce in zaɓi wanda zan bar wa 'ya'yana in yi tafiya, tsakanin shi da Zhuge Liang da Cao Cao da Lü Meng ɗin Kawu, ba sai na yi tunani ba.

Kawu Iro: 'Ya'ya kam a bar masa. Gari ne ba za a bar masa ba.

Auwalu Ɗankwari: To jama'a, tun da rana na tura wa mutumin nawa na Guangzhou tambayar ta WeChat, na'urar fassara ta juya masa. Yanzu amsarsa ta shigo. Ya ce da Guan Gong ya kashe Cao Cao ranar nan, da janar ne kawai kamar sauran, ba wanda zai saya masa lemo. Sai ya sa hoton dariya, ya ce af, tunda maganar alkawari muke, yaushe zan turo cikon kuɗin kwantenar watan jiya?